Ranar da Protasho Ya Zauna a Kan Gawayin Kansila

Protasho Chisanga yana da gwiwar hagu wadda ya yarda da ita fiye da yadda ya yarda da limamin cocinsu. In ta yi tsami, wai ruwa na tafe. Shekara da shekaru haka yake cika mana kunne a bakin titi, har wasu marasa aikin yi sukan tambayi lafiyar gwiwar kafin su tambayi tasa.

A wajenmu sai ƙarshen shekara damina take sauka. Shekarar da ta fara yi mana rowa, gwiwa ta yi tsami tun kafin bikin 'yancin kai, ya tashi da sassafe ya ce a fito da irin masara. Matarsa, Maman Lombe, ta leƙa sama ta ga ko gajimaren da zai rufe faifai babu, ta ce ba inda iri zai je. Ina zaune da tiren gyaɗata a ƙarƙashin rumfarsu, ba abin da ya wuce ni. Ya ce ita me ta sani, da ya auro ta ko gabas ba ta iya nunawa. Ta ce gabas kam ta san shi, can ne rana take fitowa ta gasa irin wawaye. Ya rantse da kabarin ubansa. Ta ce ya bar tsohon ya huta, ai masunci ne, bai taɓa noma ba. Da ta ga ba zai bari ba, sai ta miƙa masa rabin buhu ta ce ɓeraye sun cinye sauran. Ya saɓa ya nufi gona, yana ƙara ɗingishi don jama'a su ga hujja. Sama ta yi shiru. Masara ta gasu a cikin ƙasa, zabbi suka tone abin da ya rage. Da ruwa ya sauka wajen Kirsimeti, sai ga rabin da ɓeraye suka cinye ya fito daga ɗakin ƙanwarta, ta shuka, shi suka ci a shekarar. Ya so ya ce ai gwiwar ba ta yi ƙarya ba, gaggawa kawai ta yi. A gaban direbobi ta ba shi amsa.

"Baban Lombe, gwiwar nan ba ruwa take gaya maka ba. Tsufa take gaya maka, kai ne ba ka jin yarenta."

Kada ku ce na cika tona asirin bawan Allah. Ni 'yar ƙabilar Ngoni ce, shi ɗan Bemba. Kakanninmu sun yi ta sukar juna da mashi har suka gaji, suka mayar da abin wasa. In na kira shi mai cin biri ba shi da ikon fushi, in ya kira ni mai cin ɓera sai dai in tambaye shi ko in ajiye masa wutsiya. Mbuya muke kiran juna, abokin wasa ke nan. In aka yi mutuwa a gidan Ngoni, 'yan Bemba ne ke haƙa kabari, su ne ke dafa abinci, su baɗa wa masu makoki garin masara a ka, su ƙwace abin da suka ga dama a gidan, ba mai cewa uffan. In a gidansu ne, mu rama. Don haka duk abin da na faɗa a kan mutumin nan gado na ci.

A bakin tafki aka haife shi, cikin masunta, amma ya tashi yana tsoron ruwa kamar kyanwa. Ya gudu garuruwan ma'adinai yana saurayi. Shi yana cewa dutse ne ya faɗo masa a gwiwa a can ƙarƙashin ƙasa. Waɗanda suka san shi a can sun ce tukunyar wake ce a kicin ɗin ma'aikata, don bai taɓa sauka ko matakala guda ba, albasa yake yankawa. Da aka sallami ma'aikata, ya sauka a nan Kanyelele, inda hanyar kan iyaka ta rabu biyu, da mata da rabin ganga da wuƙa. Ya kwantar da gangar, ya zuba gawayi, ya fara gasa akuya. Allah ya hana shi abubuwa da yawa, har da kyan gani, amma bai hana shi hannu ba. Direbobin tirela suka fara taka birki tun daga gada saboda ƙamshi. Rumfa ta zama ɗaki, ɗaki ya haifi wani, aka yi rufin kwano. Maman Lombe tana tuƙa nshima, tuwon masararmu, a tukunyar da yaro zai iya wanka a ciki, ga miyar ganyen rogo da gyaɗa, ga busasshen kifi. Daga baya ya samu lasisin sayar da giya, ya sa shi a gilashi ya rataye sama da hoton aurensa.

Lasisin nan shi ne gidan abincin. Direban da ya kwana biyu a layin kan iyaka ba ya son ya ci a nan ya sha a can. Inda kwalba take, nan yake ajiye mota, nan yake cin akuya, ya ƙara, ya sayi gyaɗata yana ba ni labarin ƙarya. A cire kwalba, akuya ta zama ado.

Sai fari ya zo da gaske. Ruwan madatsar da ke ba mu wuta ya ja baya, wutar lantarki ta koma baƙuwar da ke zuwa bayan kowa ya yi barci ta tafi kafin a tashi. Kowa ya koma gawayi, har masu gidan sama. Ba zan yi muku ƙarya ba, itatuwa sun ƙare. Tsaunukan da muke tsintar naman kaza a cikinsu ina budurwa, yau sun yi sanƙo kamar kan mijina marigayi. Kullum da safe kekuna ke gangarowa a jere, kowanne da buhuna har ba a ganin mai tuƙi. Wanda duk ya ce ba abin da ya canza, bai shuka komai ba.

To, kansilolinmu suka tafi taron bita kan sauyin yanayi a wani otal na bakin ruwa. Suka dawo da ƙarin kumatu, da huluna masu hoton bishiya, da sababbin kalmomi da ko su ba su gama taunawa ba. Gaba-gabansu Kansila Nkhoma, shugaban kwamitin lasisi, wanda na sani tun yana yawo da wando mai taga biyu a baya. Suka zauna suka duba duk garin nan, su ga wa za su kama. Masu ƙona gawayi ƙuri'a ne da su, da yawa. Shingen da majalisa ke karɓar haraji a kan kowane buhu, wannan ba a taɓa shi, daga nan shayin zaman majalisa ke fitowa. Sai idonsu ya sauka a kan masu gidajen abinci, waɗanda dole su zo da kansu kowace shekara su roƙi takarda. Aka yanke cewa duk mai son a sabunta masa lasisin giya, ya daina girki da gawayi ko itace, ya koma gas ko lantarki. Lantarkin da na gaya muku. Gas kuwa sai an je babban garin lardi.

Otal ɗin kan tudu, na surukin wani kansila, ya ajiye tukunyar gas fentinta na ƙyalli a bakin ƙofa inda kowa zai gani. Hayaƙin da ke fitowa ta bayan katanga kuwa, wataƙila mala'iku ne ke shan taba.

Protasho ya yi ƙoƙari, wannan zan ba shi. Ya hau mota ya sayo tukunyar gas da murhu mai kai biyu. Ranar farko ya buɗe ya tsaya neman ashana yana ba da labari, da ya kyasta sai girarsa ta tafi ta bar shi. Maman Lombe ta ɗora babbar tukunyarta, murhun ya lanƙwashe kamar raƙumi zai durƙusa. Aka koma ƙananan tukwane, tuwo yana fitowa kaɗan-kaɗan kamar maganin asibiti. Akuya kuma ta koma dafaffiya. Wani direba ya ɗaga tsoka ya tambaya ko an yi mata wanka ne za a kai ta coci. Bayan 'yan kwanaki gas ya ƙare ana tsakar talge. Sai rabin ganga ta koma bayan shago ta ci gaba da aikinta a ɓoye. Ran da duba-gari ya zo, Protasho ya kifa bahon wanki a kan garwashi, ya tsaya a gabansa yana murmushi ba gira. Bahon na roba ne.

Aka hana shi sabuntawa, aka ce ya bayyana gaban kwamiti.

A nan ne ya yi wautar da sai mu muke iya yin irinta. Ya zauna ya yi tunani, abin da ba ya yi masa kyau, ya gano cewa Nkhoma ɗan Ngoni ne. Abokin wasa ba ya fushi, in ka baɗa masa gari dole ya yi dariya ya fanshi kansa da abin da ka roƙa. Maman Lombe ta ce masa majalisa ba gidan makoki ba ce. Ya ce Ngoni Ngoni ne ko a cikin jirgin sama. Ya sa kwat ɗin aurensa, ya cika aljihu biyu da garin masara. Na rufe tirena na bi shi, don ba a yin kallo kyauta ba ni.

Zauren ya cika. Har da wata baƙuwa daga ƙungiyar da ta biya kuɗin taron bita, tana ɗaukar hoto. Nkhoma ya daɗe yana bayani a kan hayaƙi da zafin duniya da jikokinmu, yana kallon baƙuwar a ƙarshen kowace jimla. Da aka kira Protasho ya kare kansa, ya taka har gaban tebur.

"Mbuya, ka karya da ɓeranka kuwa, ko yunwa ce ke sa ka wannan dogon Turanci?"

Kafin kowa ya motsa ya juye masa aljihu guda a ka, na biyun a kafaɗar baƙar kwat. Ya juyo yana jiran dariya. Ni kaɗai na yi, ita ma na haɗiye rabi. Nkhoma ya cire tabarau ya goge a hankali, ya ce a cikin wannan zaure babu Ngoni babu Bemba, doka ce kawai. Masu gadi suka ɗauki Protasho ta hammata, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba sai a waje. Aka jingine maganar lasisinsa sai abin da hali ya yi.

Motar kamfani ta zo ta kwashe akwatunan kwalba. Direbobi suka riƙa danna masa oda suna wucewa kan tudu. Mutumin da ke yanka akuya biyu a yini ya koma aiken sayo cinya. Ya sauke gilashin daga bango, wurin ya bar fari a jikin fenti. Na daina kiransa mai cin biri na ɗan lokaci, don tsokanar wanda ba ya ramawa ba ta da gishiri. Maman Lombe ta fara zancen komawa bakin tafki, wurin ruwan da yake tsoro.

Cikin sanyin tsakiyar shekara, lokacin hunturunmu, mahaifiyar Nkhoma ta rasu. Tsohuwa ce mai kirki, ban san inda ta samo ɗan ba. Na je makoki a matsayina na 'yar gida. Ina zaune cikin mata sai ga motar majalisa, mai hoton bishiya a ƙofa, ta shigo da baya. Aka sauke buhunan gawayi har suka yi tsauni, daga cikin waɗanda aka ƙwace a shinge, ga gumagumai na itace don wutar da maza ke kewayewa. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ba wanda ya ga abin magana, mutuwa ce, kuma za a ciyar da rabin lardi.

Duk makokin Ngoni a garin nan, Protasho ne shugaban girki, tun ba yau ba. Mutane suna ta raɗa ko zai zo. Da safen jana'iza sai ga shi da baro, matan Bemba na biye da shi da zannuwa iri ɗaya. Ya fara zuwa inda Nkhoma ke zaune a tabarma, ya baɗa masa gari har ya koma kamar wanda ya faɗo daga injin niƙa. Wannan karon Nkhoma ya sunkuyar da kai, don a kan tabarmar uwarsa yake, ba a kan kujera ba. Mu ma aka bi mu ɗaya bayan ɗaya, ni har cikin kunne.

Sannan ya sauke abin da ke cikin baro a tsakar gida: tukunyar gas, da lanƙwasasshen murhun nan, da wata 'yar tukunya ta miyar mutum huɗu. Ya sanar cewa ya ƙwace gawayin gidan nan da itacensa, kamar yadda al'ada ta ba shi. Matan Bemba suka zauna a kan gumagumai suka harɗe hannu. Shi kuma ya hau can ƙololuwar buhuna da muciya a hannu, yana ba Maman Lombe umarni daga sama. Ita da ta ce masa majalisa ba gidan makoki ba ce, yanzu da aka zo gidan makokin ba ta yi musu ba. Ta kunna gas da kyau, ta ɗora 'yar tukunya.

Aka tafi coci, aka tafi maƙabarta, aka dawo rana ta take. Jama'a kamar fara. Ga manya daga babban birni da motoci masu baƙin gilashi, ga kansiloli, ga 'yan ƙauyen mamaciyar da suka taso tun jiya ba su sa komai a ciki ba. Manyan gangunan girki na nan a kife, awaki a yanke an rataye, shanu biyu ma, ba wuta. Maman Lombe ta kwashe malmala uku, aka kai wa limamin coci da wasu tsofaffi, ta sake ɗora ruwa. Protasho yana ta ba mutane haƙuri daga sama, wai a bi layi, kowa zai samu kafin Kirsimeti.

Za ku ce me ya hana mu 'yan Ngoni mu tashi mu hura wuta. Ba a yi. Mai makoki ba ya taɓa tukunya. Gidan da ya dafa wa kansa abincin mutuwa ya gaya wa duniya ba shi da abokan wasa, kuma wannan abin kunyar har jikoki za a riƙa goranta wa. 'Yan sanda na nan biyu a bakin ƙofa, amma ɗaya ɗan Bemba ne, ɗayan kuma yana da uwa tsohuwa da zai so a dafa mata in ranarta ta zo.

Wadda ta kasa daurewa ita ce gwaggon Nkhoma, Tikambenji, wadda haƙoranta suka ƙare amma harshenta bai rage ko kaɗan ba. Ta sa aka kira shi cikin ɗakin mata, a gabanmu.

"Kai, ɗan ƙanena, me ka yi wa mai cin birin nan?"

Ya fara bayanin kwamiti da ƙa'ida.

"Ƙa'idar za mu ci? Uwarka ta ciyar da garin nan tana raye, yau za a ce an tashi daga makokinta da yunwa. Fita ka sauko da shi, ko in cire zanen nan in je in hura wutar da kaina, kowa ya gani."

Bari in gaya muku ƙarshen tun yanzu, don na ga kun fara leƙe. Kafin ciyawa ta fito a kan kabarin, kwamiti ya sake zama. Aka gano, bayan dogon nazari, cewa gidajen abincin bakin titi na buƙatar lokaci. Aka ce su koma murhun yumɓu mai cin gawayi kaɗan, kowa ya dasa itatuwa a bayan shagonsa, a ba su lasisi. Ba Protasho kaɗai ba, har mata biyu masu abinci a tasha da ba su baɗa wa kowa gari ba. Gilashi ya koma bango, direbobi suka dawo, gyaɗata ta ci gaba da tafiya. Itatuwan da ya dasa awakinsa sun cinye, saura ɗaya da ya kewaye da tsohuwar taya, yana nuna wa baƙi kamar shi ya ƙirƙiro bishiya. Shinge na nan yana karɓar harajinsa, kekuna na gangarowa, tsaunuka na ƙara sanƙo. Ruwan sama bai ji labarin an yi zama ba.

Amma a ranar, Nkhoma bai sallama da sauƙi ba. Ya fito fari fat, ya tsaya a gindin buhunan yana ɗaga kai, jama'a suka matso. Ya fara da lallashi, ya ce abin da ya faru a zaure aiki ne, ba gaba ba. Protasho ya ce shi ma aiki yake yi, doka yake bi, tunda an ce babu Ngoni babu Bemba. Nkhoma ya ce dokar ta gidajen abinci ce masu sayar da giya. Protasho ya nuna akwatunan da aka jibge a inuwa don manyan baƙi, ya tambaya ko ruwan coci ne a ciki. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa, har cikin kansiloli. Nkhoma ya rage murya ya ce za a duba maganarsa. Protasho ya ce kunnensa ya toshe tun ranar da masu gadi suka ɗaga shi, a ƙara sauti. Nkhoma ya maimaita da ƙarfi, kowa ya ji. Da nan ya tsaya da ya tsira da sauran mutuncinsa, amma kansila ba ya iya barin magana ta ƙare a bakin wani. Ya gyara tsayuwa, ya juya rabin jikinsa wajen manyan baƙi.

"Amma ka sani, mbuya, abin da ka yi ba daidai ba ne. Wannan makoki ne, doka ba ta shafe shi ba. Uwa sau ɗaya take mutuwa."

Protasho ya ɗaga muciya ya nuna sama, inda ko gajimare babu.

"To ɗaga kai ka gaya wa sama, mbuya. In ta yarda hayaƙin uwarka ba hayaƙi ba ne, ni mai gasa akuya wane ne da zan hana."